Daga Lenin zuwa Bakolori: Tambayoyi da Amsoshi kan Saɓanin 'Yan Gurguzu

Tun ina ɗalibi a jami'ar nan ta Sakkwato nake zama majalisar masu wannan ra'ayi. Yau furfura ta fara leƙo mini, sai ga shi samari ne ke tare ni bayan La'asar, wani a Runjin Sambo, wani a Mabera, da irin tambayoyin da na sha damun na gaba da ni da su. Na tattara waɗanda suka fi dawowa. Ina da inda na karkata, kuma ba zan ɓoye ba, amma zan yi ƙoƙarin kawo hujjar kowa yadda in ya ji zai ce, e, tawa ce.

Malam, mene ne "hagu", kuma gurguzu da kwaminisanci abu ɗaya ne?

Hagu daga wurin zama ta samo suna. A majalisar Faransa ta 1789, magoya bayan sarki sun zauna dama da shugaban majalisa, masu son a sauya tsari suka zauna hagunsa, sunan kuwa ya bi su har yau. A nan mun fi cewa 'yan gwagwarmaya ko masu ra'ayin kawo sauyi. In dattijo ne ke magana, sai ka ji ya ce 'yan sawaba.

Gurguzu babbar rumfa ce. Duk mai ganin bai kamata ƙasar noma da masana'antu da rijiyoyin mai su zama na 'yan tsiraru ba, alhali jama'a ke zuba gumi a cikinsu, yana ƙarƙashinta. Kwaminisanci reshe ne da ya fito daga Markis da abokinsa Engels, waɗanda suka fitar da shahararriyar sanarwarsu a 1848. Jigon maganarsu shi ne, riba gumin wani ce da ba a biya ba. Dubi majemin da ke jeme fatar jar akuyarmu. Ana ba shi abin da zai ci ya dawo gobe, fatar ta bi hannun dillali ta ƙetare teku, ta zama jakar da kuɗinta zai ciyar da gidansa wata da watanni. A wurin Markis, wannan tazara ba rashin imanin dillali ɗaya ya jawo ta ba. Da ita jari-hujja ke numfashi, kuma ba za ta rufe ba sai ma'aikata sun mallaki abin da ake samar da dukiya da shi.

Tunda duk talaka suke yi wa, me ya hana su haɗa kai?

Na taɓa ganin majalisar mutum goma sha biyu ta rabu gida uku kan abin da ya faru a Rasha shekara ɗari da suka wuce. Mai kallo daga waje zai ce faɗan 'yan boko ne marasa abin yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, don girman kai da son a ce "na fi ka karatu" ba su bar mu ba. Amma ƙarƙashin hayaniyar akwai tambayoyi na gaske. Wa zai kawo sauyin, lebura ko manomi? Da ƙuri'a ko da ƙarfi? Uwa-uba, ranar da aka yi nasara, wa zai riƙe mulki, kuma wa zai iya ce masa a'a ya kwana lafiya? A kan ta ƙarshen nan jini ya fi zuba, kuma ita ce ta fi shafar mu.

Yaushe rabuwar ta fara?

Tun Markis na raye. An kafa ƙungiyar ma'aikata ta duniya a Landan a 1864, kafin 1872 ta ƙare ta tsage, aka kori Bakunin, wani Barashe jagoran masu cewa a rusa hukuma gaba ɗaya. Markis na ganin dole ma'aikata su ƙwace gwamnati, su yi amfani da ita na wani lokaci su karya ƙarfin masu jari, in babu sauran mai danne wani sai ita kanta ta bushe ta faɗi. Bakunin ya ce sam. Leburan da ya hau kujera ya daina zama lebura, zai dubi tsofaffin abokansa daga sama, kuma ba a taɓa jin hukumar da ta sallami kanta ba.

Ma'aikatan Faris da suka riƙe birnin kwana 72 a 1871 kafin soja su murƙushe su, kowane ɓangare ya ce hujjarsa ce. Mabiya Markis suka ce rashin jagoranci mai ƙarfi ya kashe su, mabiya Bakunin suka ce sun nuna talaka na iya mulkin kansa ba tare da ubangida ba. A Sifen kuwa, cikin watan Mayun 1937, ana tsakiyar yaƙin basasa da Janar Franco, 'yan kwaminis da 'yan a-rusa-hukuma suka buɗe wa juna wuta a titunan Basalona.

Hasashen Bakunin ya tabbata, ban ga amfanin musu a kai ba. Sai dai mabiyansa ba su taɓa gamsar da ni ba in na tambaye su wa zai buɗe ƙofofin dam ɗin Goronyo ya rufe a kan kari, ko wa zai tsare hanyar Sabon Birni, in babu hukuma.

Gyara da juyin juya hali, wanne ne daidai?

Wannan gardama a Jamus ta fi zafi. A 1899 Bernstein, wani jigo a jam'iyyar gurguzu ta Jamus, ya ce jari-hujja ba ta kama hanyar rushewa ba, don haka a bi ƙuri'a da ƙungiyar ƙwadago a riƙa ƙwato haƙƙi kaɗan-kaɗan: ƙarin albashi, rage awannin aiki, fansho. Rosa Luxemburg ta mayar masa cewa neman gyara wajibi ne, amma wanda ya mai da gyara makoma ya sauya alƙibla, ba hanya kawai ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, wakilan jam'iyyar a majalisa suka amince da kuɗin yaƙi, leburan Jamus ya tafi harbin leburan Faransa. A Janairun 1919 aka kashe Rosa a Balin, kuma sojojin sa-kai da gwamnatin 'yan gyara ta jingina da su ne suka kashe ta. Har gobe masu zafin ra'ayi ba su yafe wannan ba.

Kowa na da misalin da yake ɗagawa. Mai ƙuri'a zai kai ka Kerala ta Indiya, inda 'yan kwaminis suka ci zaɓe a 1957, daga baya aka raba wa 'yan haya gonaki, jihar kuma ta yi fice wajen karatu da kiwon lafiya. Mai juyin juya hali zai kai ka Chile, inda Allende ya ci zaɓe a 1970, soja suka kifar da shi ranar 11 ga Satumba 1973. Zai ce maka masu dukiya na girmama akwatin zaɓe ne muddin bai taɓa aljihunsu ba.

Ba sai mun je nesa ba. A 1979 PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi tabbatar wa Balarabe kwamishinoni, a Yunin 1981 ta tsige shi. Mai zafin ra'ayi zai ce ka gani ko. Ni kuwa nakan ce a tambayi magidancin da ya daina ɓuya in ya hango dogari lokacin haraji, shi ya san abin da ƙuri'arsa ta sayo masa.

Me Lenin, jagoran juyin Rasha, ya ƙara a kan Markis?

Jam'iyya. Lenin ya ga cewa in aka bar ma'aikata su kaɗai, iyakarsu neman ƙarin albashi, don haka ana bukatar jam'iyyar gogaggu masu horo da za ta ja gaba. A yi muhawara kafin a yanke shawara, in an yanke kowa ya bi. Kan wannan jam'iyyar Rasha ta rabu a 1903, kuma da wannan makami ɓangaren Lenin, wato Bolshebik, suka karɓi mulki a Oktoban 1917.

Makamin ya ci, amma bai tsaya kan abokan gaba ba. A Maris 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda da su aka yi juyin, suka nemi a sake zaɓen majalisun ma'aikata cikin 'yanci. Aka murƙushe su da bindiga, a wannan watan kuma jam'iyya ta haramta kafa ɓangarori a cikinta. Masu kare Lenin na cewa ƙasar ta fito daga yaƙin basasa, sojojin ƙasashen waje sun shigo mata, ga yunwa, sassauci a lokacin kashe kai ne. Ban raina wannan uzuri ba. Amma tun 1918, tana kurkuku, Rosa ta gargaɗe su cewa in aka rufe jaridu aka hana zaɓe, majalisun za su mutu, ma'aikatan ofis kaɗai za su rage suna mulki da sunan ma'aikata. Ƙofar da aka ce an rufe na ɗan lokaci, shekara saba'in ta yi a rufe.

Me ya haɗa ɗan Nijeriya da faɗan Sitalin da Tirotski?

Bayan rasuwar Lenin a 1924, Sitalin, wanda ya gaje shi a mulkin Tarayyar Sobiyet, ya ce za a iya gina gurguzu a ƙasa ɗaya. Tirotski ya ce in juyin bai bazu zuwa ƙasashe masu masana'antu ba, zai ruɓe daga ciki. Aka kore shi daga jam'iyya a 1927, daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Mekziko aka kashe shi a 1940.

Abin da ya shafe mu shi ne maganar hawa-hawa. Masu bin layin Mosko na cewa ƙasa irin tamu sai ta fara kuɓuta daga 'yan mulkin mallaka da sarakuna, ta gina masana'antu, kuma a wannan mataki ma'aikata su haɗa kai da attajirai masu kishin ƙasa. Gurguzu sai daga baya. Mabiya Tirotski na cewa attajirin ƙasa mai tasowa ɗan aiken na waje ne, ba zai kai ka ko'ina ba, kuma sukan tuna maka Shanghai a 1927, inda 'yan kwaminis da aka umarta su zauna cikin ƙawance da Chiang Kai-shek, jagoran 'yan kishin ƙasar Sin, suka wayi gari yana karkashe su. Duk lokacin da zaɓe ya matso ka ji 'yan ƙwadago na gardama ko su mara wa wani hamshaƙi "mai dama-dama" baya ko su tsaya da ƙafarsu, to wannan tsohon faɗan ne ya sa babbar riga.

Da gaske ne an kashe miliyoyin mutane, ko farfagandar Amurka ce?

Da gaske ne. Yunwar 1932 zuwa 1933, wadda tilasta wa manoma shiga gonakin gwamnati ya haifar, ta ci miliyoyi a Yukren da wasu sassa. Takardun Sobiyet da kansu sun nuna an harbe kusan mutum 680,000 a 1937 da 1938, cikinsu har da tsofaffin jagororin juyin. A Sin, yunwar da ta biyo bayan shirin Mao na 1958 ta kashe mutum miliyan 15 a mafi ƙarancin ƙiyasi, wasu masana sun kai lissafin miliyan 45.

Gaskiya ne kuma Sobiyet ta yi asarar kusan mutum miliyan 27 wajen karya Hitila, ta mai da ƙasar manoma mai harba tauraron ɗan'adam a 1957, ta taimaki masu yaƙin 'yanci a kudancin Afirka. Gaskiya ne jari-hujja na da nata kaburburan, daga cinikin bayi zuwa kisan aƙalla mutum 500,000 da aka zarga da kwaminisanci a Indunusiya a 1965 da 1966. Amma gawar wani ba ta wanke ta wani. Saurayin da ya ce mini duk ƙarya ce, nakan ji tsoron ranar da zai sami iko.

Mu da ba mu da masana'antu, ba Mao ne ya fi dacewa da mu ba?

Ga tambayar da na fi so a yi mini. Markis ya sa ransa ga leburan masana'anta, bai ɗauki manomi da wani muhimmanci ba. Mao ya juya lissafin: ƙauye zai kewaye birni, kuma da rundunar manoma ya ci Sin a 1949. Duk wanda ya dubi Sakkwato ya san me ya sa wannan ke jan hankalin samari. In ka cire kamfanin siminti na Kalambaina da ma'aikatan gwamnati, sauran jama'a manoma ne da makiyaya da masunta, sai 'yan kabu-kabu da 'yan ci-rani. Jiran leburan masana'anta a nan jiran gawon shanu ne.

Kuma manominmu ba ya bukatar a koya masa tashi. A Fabrairun 1906, a Satiru, kusa da birnin nan, talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu suka fatattaki sojan Turawa masu dawaki, mafi yawansu da gatari da fartanya. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000, kuma dakarun sarakuna na tare da Turawa a wannan rana. Da tutar Mahadi suka tashi, ba su san wani Markis ba, amma sun san wa ke cin guminsu.

Sai Bakolori, kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin jihar Sakkwato. An kammala dam ɗin a 1978 da sunan bunƙasa noman rani. Ruwa ya cinye garuruwa, injina suka baje gonaki, diyya ta zama abin da ta zama, manoman fadama da ke ƙasa da dam kuma suka rasa ambaliyar da suke noma da ita tun kaka da kakanni. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne suka mutu.

'Yan gurguzu na son ba da labarin Bakolori a matsayin laifin jari-hujja, kuma haka ne. Amma ina roƙonku ku sake dubawa. Masana ne a ofis suka zana wa manomi abin da zai amfane shi, ba su tambaye shi ba, da ya ƙi sai aka kira shi maƙiyin ci gaba. Wannan tunanin ne ya tilasta wa makiyayan Kazakistan, Musulmi masu yawo da dabbobi kamar Fulaninmu, zama wuri ɗaya a farkon shekarun 1930, har sama da mutum miliyan ɗaya suka mutu. Shi ne kuma ya sa Tanzaniya ta Nyerere, mutumin kirki ba makashi ba, ta kwashe miliyoyi zuwa ƙauyukan Ujamaa tsakanin 1973 da 1976, da yawansu ba da son ransu ba. Mao da kansa, da manoma ya ci mulki, kuma manoma ne suka fi mutuwa a hannunsa.

Muna samari mun taɓa zuwa wani ƙauyen fadama da zancen gonar gama-kai. Wani tsoho ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, "Ɗiyana, wanga zance naku da daɗin ji. Amma in gona ta zan ta kowa, ran da nic ce ban yarda ba, wa ka saurarena?" Babu wanda ya amsa a cikinmu. Shekara da shekaru ke nan, da wannan tambayar nake auna kowace aƙida.

Musulmi na iya zama ɗan gurguzu?

A rarrabe abu biyu. Akwai falsafar Markis, wadda ke cewa babu komai sai abin da ake gani, addini kuma ɗan'adam ne ya ƙirƙira. Musulmi ba zai karɓi wannan ya zauna Musulmi ba, kuma duk mai ce maka babu karo a nan yana yaudararka. A inda ya kira addini abin sa maye ga jama'a, ya kuma kira shi nishin wanda aka danne, amma wannan bai sauya cewa bai yi imani ba. Gwamnatocin da suka bi shi sun rufe masallatai a tsakiyar Asiya, Albaniya ma ta haramta addini baki ɗaya a 1967. Sultan-Galiev, Batataren da ya yi ƙoƙarin sasanta juyin da al'ummar Musulmi, an kama shi a 1923, aka kashe shi a 1940.

Sai kuma binciken Markis kan yadda dukiya ke taruwa a hannu kaɗan. Wannan ilimi ne, a gwada shi kamar yadda ake gwada na likita, a ɗauki abin da ya inganta. Ƙin zalunci kuwa ba aro muka yi ba. Suratul Hashri ta yi maganar kada dukiya ta zama tana kewayawa tsakanin mawadata kawai. Hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Abu Zarrin Gifari, Allah ya ƙara masa yarda, ya tsaya kan masu taskace zinariya da azurfa har ya ƙare rayuwarsa a Rabaza. Sai dai Musulunci ya halatta mallaka da ciniki da gado, don haka mai son soke mallaka gaba ɗaya ba zai sami mafaka a nan ba.

Ga 'yan'uwana masu ganin wayewa ita ce yi wa malamai ba'a: a garin Shehu, wanda ya fara da raina sallar mutane ya gama magana, ko da gaskiya ce cike da bakinsa.

To jihadin Shehu ba juyin juya hali ba ne?

Ya kifar da sarauta, ya sauya tsari, kuma talakawa da makiyaya da yawa sun bi shi saboda zaluncin da ya lissafa a Kitabul Farƙi: jangali, ƙwace a kasuwa, cin hanci a wurin shari'a. Ta wannan fuska, e. Amma Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 don tsayar da Sunna ne, ba don soke bambancin mai shi da marar shi ba, kuma daular da ta biyo baya ta ci gaba da bauta. Mai sa wa Mujaddadi rigar Lenin ya zalunci su biyun.

Abin da ya kamata ɗan gwagwarmaya ya tsaya a kai shi ne Malam Abdullahi na Gwandu. Yaƙi bai ma ƙare ba ya ga wasu abokan tafiya sun koma neman mulki da dawaki da tufafi, ransa ya ɓaci har ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Abin da Bakunin zai faɗa bayan shekara sittin da wani abu, malaminmu ya riga ya gani da idonsa.

Malam Aminu Kano ɗan kwaminis ne?

A'a, ko da yake abokan hamayya sun sha jifansa da wannan. Sanarwar Sawaba ta NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, wannan kuwa harshen gurguzu ne. Amma Malam mai tafsiri ne, ɗan gidan malamai, da aya da hadisi yake kafa hujja, kuma ƙuri'a ya yarda da ita ba bindiga ba. A ƙasar Sakkwato, gidan Sardauna da NPC, zama ɗan NEPU ba wasa ba ne, sai wanda ya shirya wa kotun alƙali da gidan yari.

Rabuwar PRP zuwa Santsi da Taɓo ita ce tamu gardamar ta gida. Gwamnonin biyu, Rimi da Balarabe, suka ci gaba da zama da gwamnonin wasu jam'iyyun adawa duk da hanin uwar jam'iyya, suna zarginta da kusantar NPN. Michael Imoudu, gwarzon yajin aikin 1945, ya jagoranci ɓangarensu na Santsi, malaman jami'a irin su Dokta Yusufu Bala Usman na tare da su. Taɓo suka tsaya tare da Malam. A Yulin 1981 aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara, a tarzomar Kano. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya yi takara a NPP ya faɗi, watanni kaɗan soja suka kwashe kowa. Ɓangarorin biyu kowanne na da gaskiyarsa, amma talakan da ya sha ɗauri shekara talatin don wannan tafiya ba a tambaye shi ba kafin a raba ta.

Rasha da Sin na yanzu fa?

Tarayyar Sobiyet ta rushe a Disambar 1991. Tutar nan mai fari da shuɗi da ja da wasu matasa suka ɗaga a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 ba tutar ma'aikata ba ce, tun zamanin sarakunan Rasha take. Rasha ta yau ƙasar hamshaƙan attajirai ce. Yunwar da ta fitar da yaran gaskiya ce, tutar ce kayan aro.

Sin ta fi wuyar yanke wa hukunci. Tun 1978 ta buɗe kasuwa, ta fitar da kusan mutum miliyan 800 daga matsanancin talauci, jam'iyyar kwaminis na mulki, attajirai na cikinta, ma'aikaci kuma ba shi da ikon kafa ƙungiyar ƙwadago mai zaman kanta. Wasu na cewa dabara ce ta doguwar tafiya, masu bin Mao na asali na cewa jari-hujja ce da jar tuta.

Soja mai kishi kamar Sankara ba zai fi sauri ba?

Ina ƙaunar Sankara na Burkina Faso. Daga 1983 zuwa ranar 15 ga Oktoba 1987 da aka kashe shi, ya yi wa yara sama da miliyan biyu rigakafi, ya dasa itatuwa, ya rage wa manya jin daɗi ya fara da kansa. Amma a 1984 ya kori malaman makaranta sama da 1,000 saboda sun yi yajin aiki, kuma ranar da aka harbe shi babu wata ƙungiyar jama'a mai ƙafafunta da za ta tsare abin da ya gina. A Habasha, sojojin Mengistu sun ɗaga jar tuta, kuma ɗaliban da suka fi karkashewa a ƙarshen shekarun 1970 'yan Markisanci ne 'yan'uwansu. A Sudan, Numairi ya hau mulki da goyon bayan 'yan kwaminis a 1969, a 1971 ya rataye shugabansu Abdulkhaliƙ Mahjub. Mai bindiga in ya yi daidai ka ji daɗi, in ya kauce ba ka da abin tsayar da shi.

'Yan bindigar daji ba talakawa ne da zalunci ya tunzura ba?

Na ji wasu 'yan boko na faɗin haka, kuma raina na ɓaci. Tushen akwai zalunci a ciki: an cinye burtali da makiyaya, an tatsi Bafillace a kotu da caji ofis, an bar ƙauye babu makaranta. Dole a faɗi wannan in ana son magani. Amma wanda ke sa wa ƙauyen Isa ko Sabon Birni haraji kafin a bar su su girbe gero, ya sace matansu, ba ɗan gwagwarmaya ba ne. Sabon azzalumi ne, kuma talaka yake ci.

To, Malam, kai ina ka tsaya?

Na yarda da Markis cewa talaucin jiharmu ba lalaci ba ne, tsari ne, kuma akwai masu cin moriyarsa. Na yarda da Lenin cewa fushi ba tare da shiri ba kumfa ne. Janairun 2012 ya nuna haka, an cika tituna kan kuɗin mai, mako biyu aka watse ba a bar ko rumfa ba. Amma ina tare da Rosa da tsohon nan na fadama a kan cewa duk jam'iyyar da ba za a iya kayar da ita a zaɓe ba, duk shugaban da ba za a iya sukarsa a rediyo ba, duk shirin noman da manomi ba zai iya cewa bai yarda ba, ba na cikinsa, ko wane launi tutarsa take. Sallata kuma ba ta cikin abin da ake ciniki a kai.

Ku karanta su duka, har waɗanda aka ce muku maciya amana ne, kada ku tsaya ga guntayen bidiyo na Facebook da TikTok. Sannan ku bi buhun albasa ɗaya daga fadamar Goronyo ko Kware har ya hau tirelar Kudu. Wa ya ba da bashin taki da man injin ban-ruwa, kuma da wane sharaɗi? Nawa dillali ya ɗauka la'ada, nawa aka bari a shingayen hanya, buhu nawa ya ruɓe a rudu kafin farashi ya tashi? Ku rubuto lissafin, mu koma wurin masu albasar mu karanta musu, su faɗa mana wanne suke so a fara taɓawa.